Wanda Aka Sa a Baƙar Mota

Da wasa abin ya fara, kuma daga bakin Hajiya ya fito. Ko ita ba ta musun wannan, in dai a zuci ne.

Mijinta alƙali ne a kotun nan da daga ita sai ta Allah. Mai Shari'a ake ce masa har a cikin gida. To, shi da abokan zamansa ne suka sallami ɗan kwangilar da benen da ya gina ya rufta kan ɗalibai. Kotun ƙasa ta ɗaure mutumin, ta tsakiya ta ce ɗaurin ya yi daidai. Da aka zo gaban manya sai suka gyara zaman tabarau, suka leƙa takarda, suka ce ai akwai wani hatimi da ba a buga a inda ya kamata ba, saboda haka shari'ar duka ta rushe. Ɗan kwangila ya fito yana ɗaga wa 'yan jarida hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Mutane suka rasa inda za su kai kukansu, sai suka kawo shi ƙofar gidan wanda ya karanta hukuncin. Kullum safiya suna nan: iyayen yara, ɗalibai, da 'yan a bi yarima a sha kiɗa. Da baƙar motar ofis ta leƙo da hancinta sai ihu ya tashi, a bi ta da ruɓaɓɓen ƙwai da ledar ruwan kwata. An taɓa gwada fitar da motar babu kowa a baya, amma gilashin bai yi duhun da zai ɓoye hakan ba. Nan da nan aka gane, jama'a suka zagaya ƙofar baya suka tare Mai Shari'a, da ƙyar ya koma ciki. Tun daga ranar ya riƙa dawowa fuska a murtuke, jini ya hau, ya ture abinci. Hajiya ta rame a tsaye.

A ɗakin baya, jikin kicin, akwai wan Mai Shari'a, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa Yaya yake ce masa. Tela ne, ido ya fara gajiya, mata ta rasu, sai ya tattaro kekensa ya dawo gidan ƙanensa. Mutum ne mai surutu da son gayu. In ya karya kumallo sai ya fesa turare ya fita bakin titi wajen tsofaffin abokansa teloli, a yi ta gardamar ƙwallo har la'asar.

Ran nan hannun baƙar rigar kotu ya yage garin saurin shiga mota, aka kai wa Yaya. Da ya gama ɗinkin sai ya zura ta don ya ga yadda kafaɗar ta zauna, ya tsaya gaban madubin falo yana juyi. Hajiya ta fito daga kicin ta hango shi ta baya.

"Yallaɓai, ashe ba ka fita ba?"

Ya juyo yana washe baki. Ta dafe ƙirji.

"Kai, Yaya! Wallahi in ka rage gemun nan ka sa tabarau, ni kaina sai in miƙa maka jakar ofis."

"To da fa? Ai daga yadi ɗaya aka yanko mu. Ni aka fara yanka, shi Auta da ragowar aka haɗa shi."

Wajen cin abinci Hajiya ta ba da labarin, ko mijinta zai ɗan yi dariya, don rabonsa da ita tun ranar hukuncin. Bai yi ba. Ya ajiye cokali, ya tsura wa wansa ido, har Yaya ya tsargu ya shafa baki ko shinkafa ce ta maƙale.

Shi kallo kawai ya yi. Ita ce ta ƙarasa maganar da suka keɓe.

"Yaya ya riƙa shiga motar a madadinka, na 'yan kwanaki ne fa, kafin ƙura ta lafa. Gilashin nan ko harsashi ba ya huda shi. Kuma Yaya ba shi da hawan jini."

"Yana da suga."

"Suga ai ba ya jin ihu, Yallaɓai."

Da aka tuntuɓi Yaya bai ko yi tunani ba. Ya ce ɗan'uwa ai rabin jiki ne. Tambaya ɗaya ya yi, ko 'yan sandan bakin kotu za su ƙame masa. Aka ce har da buga ƙafa. Aka kira mai aski ya rage gemun da ya yi shekaru yana tattali, aka shafa masa baƙi, aka ɗora masa tsohon tabarau na Mai Shari'a. Ya ce ƙasa ta yi masa nisa, kamar yana tafiya a kan gada. Hajiya ta ce ai ba tafiya zai yi ba, zama ne.

Haka aka tsara. Baƙar mota ta fita ta gaba da Yaya a hakimce cikin kwat, ihu da ƙwai su bi ta. Mai Shari'a ya sulale ta baya a 'yar motar Hajiya, da hular hana-sallah, kamar mai zuwa sayen burodi.

Kwanakin farko gidan ya sha dariya. Yaya yakan dawo da labari cike da baki.

"Yau kofur ya ƙame mini har hularsa ta faɗi. Na ɗan gyaɗa kai haka, irin na manya. Kuku, ka san manya ba sa gyaɗa kai sau biyu?"

Kuku ya riƙe ciki. Hajiya ta sa a ƙara wa Yaya tsoka. Mai Shari'a ya koma cin abincinsa, har yana neman ƙari.

Abin da Yaya bai faɗa ba, direba ne ya faɗa. Ya tare Hajiya a bakin kicin yana murza hula a hannu. Ashe in an isa kotu, ƙarƙashin ƙasa ake shigar da motar, can inda ake ajiye motocin manya. Yaya ba shi da damar fitowa kada ma'aikata su ga alƙali ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Sai ya wuni a kujerar baya har a tashi aiki. Babu iska. Ga mai suga da yawan fitsari, sai dai gora.

"Ka riƙa kunna masa sanyin motar mana," in ji Hajiya.

"Hajiya, in na bar inji a kunne masu gadi sukan zo su leƙa."

Washegari ta sayo wata 'yar fanka mai batir ta ba direba. Ranar ta yi barcin rana har da munshari, don a ganinta ta yi abin da ya dace.

Sai kuma aka hana shi fita bakin titi. Da wannan fuskar, in aka gan shi a majalisar teloli ai asiri ya tonu. Abokansa suka zo nemansa, mai gadi ya ce ya yi tafiya. Suka sake zuwa, aka ce bai dawo ba. Yaya na jin muryoyinsu ta taga, ya miƙe, ya koma ya zauna.

Cikin masu tsayuwa a ƙofa akwai wata mata da ba ta ihu, ba ta jifa. Ta gano inda mota ke rage gudu don hawa kwalta, nan take tsayawa. Da an zo daidai ita sai ta manna hoton ɗanta a gilashi, daidai fuskar wanda ke ciki, ta bi motar da 'yan taku, sannan ta koma gefe. Kullum haka. Mai hoto, haka direba ya sa mata suna.

Labarin kofur ya ƙare. Yaya ya koma dawowa ya wuce ɗaki kai tsaye. Wata rana a tebur ya juya abinci ya juya, sannan ya ɗago.

"Auta, yaron matar nan. Kunnuwansa fato-fato, yana dariya a hoton. Kun ce ba wanda ya kashe shi?"

"Yaya, ba mu ce haka ba. Mun ce ba a bi ƙa'ida ba."

"To ginin da ƙa'ida ya faɗo?"

"Shari'a saɓanin hankali ce. Ba za ka gane ba."

"Ai shi ya sa. Ni take tambaya da ido, ni kuma ban gane ba. Ka fita ka gaya mata mana, tun da kai ka gane."

Mai Shari'a ya goge baki a hankali. "Alƙali ba ya magana a titi. Hukuncinsa ne ke magana."

"To gobe a sa wa hukuncin kwat ya shiga motar."

Kuku da ke kwashe kwanuka ya yi tari ya fice da sauri. Mai Shari'a ya miƙe ya hau sama. Hajiya ce ta bi Yaya har ƙofar ɗakinsa da tattausar murya.

"Yaya, ka ƙara haƙuri. An kai su Yallaɓai ƙara gaban kwamitin da ke ladabtar da alƙalai. Da kwamitin ya zauna ya yi magana, mutane za su watse. Kaɗan ya rage."

"Hajiya, ni fa allura da zare na sani. Amma ban taɓa ba wani rigar da na ɓata na ce ya je ya sha zagin ba."

"Na sani, Yaya. Don zumunci."

Ya dube ta, ya shiga ya tura ƙofa.

Rediyon kicin kuwa kullum zancen ke nan. Wannan ya bugo waya ya ce majalisa ta tsige su. Wancan ya ce a tilasta musu su baje dukiyarsu a faifai kowa ya gani. Wata ta ce a riƙa nuna zamansu a talabijin, ko sa ji kunya. Wani tsoho ya ce shi kwamitin nan su waye a ciki? Aka ce alƙalai ne 'yan'uwansu. Ya ce to an ba kura ajiyar nama, a sauka lafiya. Da Hajiya ta shigo sai kuku ya murɗa ya koma tashar waƙoƙi, yana bin waƙar da bai iya ba.

Kwamiti bai zauna ba. Farko shugaban ya tafi ganin likita ƙasar waje. Da ya dawo aka ce ba su cika ba. Da suka cika sai hutu ya zo. To dama wa ya kai alƙali iya ɗage zama?

Shi kuwa Yaya kullum ƙara zubewa yake. Mai Shari'a ya murmure har wuya ya yi ninki, Yaya kuma kwat ta koma masa kamar an rataye ta a ƙusa. Hajiya ta lura kamannin sun fara rabuwa. Ta hau sama ta ɗauko wata rigar sanyi mai kauri ta ce ya riƙa sa wa a ciki don kafaɗa ta cika. A wannan zafin. Ya karɓa ya zura. Ƙafafunsa suka kumbura cikin takalmin ƙanensa. Keken ɗinki ya yi ƙura, kuku ya fara ɗora kwandon albasa a kai.

Hajiya ta daina bin hanyar ɗakin baya, in za ta kicin sai ta zagaya ta falo. Ta aika masa da sabon agogo. Ta aika masa da turare mai tsada. In abin ya taso mata a ƙirji sai ta jera wa kanta hujjoji kamar mai jera kwanuka a kabad: ai ba dukansa ake yi ba, ai yana ci yana sha, in wani abu ya sami Mai Shari'a, shi Yayan ina zai zauna? Hujjojin sukan riƙe ta har zuwa lokacin da za ta ji ƙarar buɗe gareji.

Ƙarshe dai kwamiti ya zauna, ya kuma tashi tun shayinsu bai huce ba. Matar wani alƙali ta bugo wa Hajiya waya da yamma.

"Ƙawata, an wanke su tas. Da safe za a sanar. Ki kulle gidanki, kada ko kaza ta fita. Gobe gari zai yi zafi."

Mai Shari'a ya ce shi gobe ba ya zuwa ko'ina. Amma mota za ta fita, don ta janye taron daga jikin gidan. In suka ga ba ta fito ba, katanga za su hauro.

Da safe tun kafin a gama karanta labarai titi ya cika, hayaniyar har kofuna take girgizawa. Yaya bai fito ba. Dole Hajiya ta bi hanyar da ta daina bi. Ta same shi zaune a bakin gado cikin rigar sanyin, kwat a cinya.

"Hajiya, yau dai a bar ni. Kaina kamar ana sara. Hannun nan ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo."

"Yau ce ta ƙarshe, Yaya. Na yi maka alkawari."

"Haka kika ce wancan karon."

Wani dutse ya daki ƙofar gida, ƙarfen ya amsa. Jikokinta da suka zo hutu suka fasa kuka a sama. Ta ɗauki kwat ɗin ta zura masa. Ya kai hannun hagu zai sa maɓalli, yatsun suka zame. Ya sake, suka sake zamewa. Ta gani. Ta kuma san abin da ta gani, don ba yarinya ba ce, ta yi jinyar masu irin wannan a danginsu. Ta ture hannunsa a hankali ta ɓalla masa da kanta. Ta durƙusa ta tura kumburarrun ƙafafun cikin takalmi ta ɗaure.

"In ka dawo likita zai duba ka," ta ce, ba ta ɗago ba.

Daga tagar sama ta kalli fitarsu. Motar ba ta ko kai kwalta ba aka rufe ta. Ana dukan ta da hannu da takalma, ana jijjiga ta kamar za a kifar. Mai hoto na nan a wurinta, an matse ta jikin gilashi, ba ta saki hoton ba.

Sai ƙofar baya ta buɗe daga ciki.

Mamaki ya sa na kusa suka ja da baya. Ihun ya mutu daga gaba, ya bi layi yana mutuwa har ƙarshen titi. Tunda aka fara wannan tsayuwa ba su taɓa ganin alƙali ya sako ƙafa ƙasa ba. Ya fito yana dafa mota, ya cire tabarau don ya ga matar sosai, ya ɗaga mata hannu ɗaya. Bakinsa na motsi. Daga sama ba a jin abin da yake cewa. Sai gwiwarsa ta lanƙwashe. Ya kama gefen mayafinta, suka zube tare. Hajiya ta ga matar ta yar da hoton ta tallafo kansa kada ya bugu da dutse.

Wani ya ƙwala ihu, "An kashe alƙali!" 'Yan sanda suka saki barkonon tsohuwa. Kowa ya yi ta kansa.

Wayar Hajiya ta yi ƙara. Direba ne, yana haki.

"Hajiya, na samu na ja Yaya cikin mota. Bakinsa ya karkace. Asibiti zan wuce."

Mai Shari'a na tsaye a bayanta, yana ji. Ya girgiza kai.

"In aka kai shi asibiti suna za a tambaya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wane suna za a rubuta? 'Yan jarida za su riga shi isa."

Bai karɓi wayar ba. Bai taɓa karɓar irin wannan wayar ba a rayuwarsa. Ya tsaya yana kallon ta.

"Hajiya? Kina ji na? In wuce?"

"Zagayo da shi ta baya," ta ce. "Likita zai zo gida."

Likitan aminin Mai Shari'a ne, yana tsakiyar tiyata aka kira shi, bai iso ba sai da rana ta karkata. Ya ɗaga hannun Yaya ya saki, ya faɗi kamar tsumma. Ya haska idonsa. Ya ce, "Irin wannan, da an kawo shi da wuri…" Sai ya haɗa ido da amininsa, ya haɗiye sauran ya hau rubuta magani.

Ku ji ikon Allah. Kafin gari ya sake wayewa rediyo ya juya kamar waina a tanda. Masu cewa a tsige sun yi tsit. Yanzu kowa cewa yake komai laifin mutum ba a taɓa alƙali, in aka fara haka ƙasa ta lalace. Aka hana taro a unguwar. Aka kama mutane mota guda, har da mai hoto, don wani ya ɗauke ta hoto daidai lokacin da hannunta ke wuyan mai kwat. Jaridu suka buga, suka ce ga wadda ta shaƙe shi.

Mai Shari'a ya yi 'yan kwanaki a sama yana jinyar abin da bai same shi ba. Sannan ya sauko da sanda da filasta a goshi ya zauna a falo karɓar masu dubiya. Manya suka yi ta zuwa da kwandunan lemo da ayaba. Kowa na mamakin yadda ya warware da wuri.

"Addu'ar jama'a ce," yake cewa, yana lumshe ido. "Ni na yafe wa kowa. Amma doka dole ta yi aikinta."

Hajiya na zuba musu lemo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da baƙi suka tafi ta tsaya a kansa.

"Yallaɓai, matar nan fa tallafe shi ta yi. Da idona na gani."

"Wannan kotu ce za ta duba."

"Wace kotu? Kai ma ka san…"

"Me na sani?" Ya ɓare filastar ya ajiye a tebur don gobe. "So kike a ce alƙalin babbar kotu ya yaudari ƙasa? Kina tsammani ni kaɗai zan tafi? 'Ya'yanki da wane suna za su nemi aiki? Kuma tsaya ma tukuna, Hajiya. Shawarar wa ce? Wa ya ce wa direba ya juyo?"

Ai shi ya sa ya zama babban alƙali, ya san inda ake kama mutum.

Bayan 'yan kwanaki wani jami'in ɗan sanda ya zo ɗaukar bayani, mutum mai ladabi, har da cire hula. Ya ce tambaya ɗaya ce, ta cike gurbi. Yana buɗe biro sai ga ƙwanƙwasa daga ɗakin baya, ƙwas, ƙwas. Yaya ne ke buga kofi a ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya.

"Wani ne ba lafiya, Hajiya?"

"Wan maigidan ne. Tsufa."

"Ayya. Allah ya ba shi sauƙi. To, ranar da abin ya faru, kin ga wanda ya shiga motar?"

Ƙwas. Ƙwas.

Saura ƙiris ta faɗi gaskiya. Ga mutumin a zaune, ga biro a hannunsa, ga ɗakin can taku kaɗan. Da ta ce masa taso ka gani, da shi ke nan, gani ya kori ji. Da mai hoto ta koma ta kwana a ɗakinta.

"Na gani," ta ce.

"Mai Shari'a ne?"

"Shi ne."

Ya rubuta, ta sa hannu, ya yi godiya. Kafin ya fita ta sa kuku ya cika masa leda da ayabar masu dubiya.

Yanzu ƙofar gidan fes take, an wanke ƙwan an sake fenti. Baƙar mota na fita da mai ita a ciki, ba mai ko ɗaga kai. Ɗan kwangila an ce ya samu wani sabon aikin. Mai hoto na tsare, an kira shari'arta an ɗage, an sake kira an sake ɗagewa. A rediyo jefi-jefi wani yakan bugo ya tambaya, wai su alƙalan nan wa zai yi musu shari'a? Mai gabatarwa ya ce tambaya ce mai kyau, sai dai lokaci ya ƙure.

Ba a ɗauki mai jinya ba, don Mai Shari'a ya ce ba ya son baƙon ido a gida. Shi kansa bai taɓa taka ɗakin baya ba; wai zuciyarsa ba za ta iya ganin ɗan'uwansa a haka ba, ka ji mai tausayi. Hajiya ce ke shiga, safe da rana da yamma. Ta ɗaga Yaya ta jingina da filo, ta ɗaura masa tawul a wuya, ta hura romo ta kai bakinsa. Rabi ya shiga, rabi ya biyo gefen da ya mutu.

Da zai zage ta, da ta samu sauƙi. Da zai kawar da kai ya ƙi cin na hannunta, da ta ce ta fara biya. Amma ciwon ya share masa magana kaf, duk surutun nan, bai bar masa komai ba sai abin da ke bakinsa lokacin da ya faɗi, abin da ya buɗe ƙofar mota don ya gaya wa matar. Shi yake faɗa wa kuku, shi yake faɗa wa bango, shi yake faɗa in yana son ruwa. Har Mai Shari'a ya sa kafinta ya ƙara ƙofa a hanyar falo, kada baƙi su ji.

Abin da gari guda ya tsaya a rana yana jira daga bakin alƙali, ga shi nan ana ta faɗa a bayan kicin, ba mai ji sai wadda ta ɓalla masa maɓalli.

Ta ɗebo cokali. Ya ɗago idonsa mai lafiya ya sauke a kanta, leɓen ya yi ta kokawa.

"Ki… yi haƙuri," ya ce. "Ki yi haƙuri."

Sai ta goge masa haɓa, ta sake ɗebowa.